Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Ɗarikunmu: Ku Bar wa Ikilisiyar Ƙauye Ranar Godiyarta

Iyayenmu cikin Ubangiji,

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, ina yi muku barka da aiki da ɗawainiyar garken da aka damƙa a hannunku. Allah ya ƙara muku lafiya da basira.

Ni ba fasto ba ne, ban kuma taɓa zama a majalisar ikilisiya ba. Ɗan majami'ar ƙauye ne ni. A can aka yi mini baftisma, a can na fara haɗa baƙi a makarantar Lahadi, a can kuma kabarin mahaifina yake. Neman abinci ya kawo ni birni shekaru da dama, amma ban taɓa barin sujadar godiyar kaka ta wuce ni ba, duk shekara sai na koma. Abin da idona ya gani a 'yan shekarun nan shi ya hana ni yin shiru. Na zaɓi in rubuto a fili domin na yi hira da 'yan'uwa daga ɗariku dabam-dabam, na tarar kukanmu ɗaya ne. Ku yi mini haƙuri idan yaro ya yi magana a gaban manya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga yadda na tashi na san ranar godiya. Tun ana saura mako guda za ka ga ƙauyen ya ɗauki harama. Matasa su share harabar majami'a, su gyara bencin da ƙafarsa ta karye, mata kuma su yi ta bitar waƙa da daddare bayan sun gama aikin gida, har barci ya ɗauke ka kana jin muryoyinsu daga nesa. Ranar Lahadin, gida-gida ake shigowa. Maigida a gaba da dami a ka ko buhu a kafaɗa, uwargida a bayansa, yara suna biye, kowa da ɗan abin da aka ba shi ya riƙe. Har wanda aka yaye jiya sai an damƙa masa wani abu, don kada ya je gaban Ubangiji hannu wofi. Ba wanda ke leƙen na wani. A ajiye a gaban bagadi, a yi waƙa, a koma a zauna.

Akwai wata gwauruwa da duk ƙauyen muke ce mata Iya. Gonarta 'yar mitsitsiya ce a bayan gida, ita kaɗai take nomanta. Kullum ita ce ta ƙarshe a layi saboda ciwon ƙafa. Takan zo da ɗan kwano rufe da farin ƙyalle wanda ta wanke musamman domin ranar, ta durƙusa da ƙyar, ta ajiye shi a gindin buhunan masu hali, ta ɗan jima a durƙushe leɓunanta suna motsi, sannan ta dafa ƙasa ta miƙe. Mawaƙa sun san ba a yanke waƙa sai Iya ta koma mazauninta. A wurin tsohuwar nan na koyi abin da ake ce wa godiya, tun kafin in iya karanta aya ko ɗaya da kaina.

Yanzu kuwa, tun hatsi bai nuna a gona ba takarda ta riga ta iso daga ofishi, an rubuta adadin kuɗin da ake sa ran ikilisiyar za ta tara ranar godiya da kason da za ta aika sama. Mai bishara, bawan Allah, ya san idan bai cika adadin ba za a karanta sunan ikilisiyarsa cikin masu bashi a babban taro. To me zai yi? Sai ya nemo 'yan garin da ke birni, a naɗa shugaban taro da babban baƙo da uwar taro, a ɗauko lasifikar haya, a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya ana faɗin abin da kowa ya bayar, ana tafi. Wanda ya zuba da yawa a yi masa doguwar addu'a shi kaɗai, sauran a haɗa su a addu'a guda. Shekaru uku da suka wuce ni kaina an kira sunana, an tafa mini, na kuma ji daɗi a lokacin, ba zan ɓoye muku ba. Sai da aka tashi na lura Iya ba ta fito ba. Tana zaune a bencinta na baya, kwanon yana kan cinyarta a rufe. Mahaifiyata ta je ta tambaye ta ko jikin ne, sai ta ce: "Lafiya lau, 'yata. Abin nawa ne bai kai na kiran suna ba." Da kwanonta ta koma gida.

Daren nan ban runtsa ba. Iyayenmu, kun fi ni sanin Markus sura 12, inda Yesu ya zauna daura da wurin saka baiko a Haikali yana kallon masu arziki suna zubawa da yawa, amma wadda ya kira almajiransa ya nuna musu ita ce gwauruwar da ta saka anini biyu, ya ce ta fi su duka. Ku ne kuka koya mana Matiyu sura 6, cewa kada a busa ƙaho a gaban mai ba da sadaka, kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi. Ku ne kuka karanta mana gargaɗin Yakubu game da ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, a ce wa matalauci ya tsaya daga can. Ta yaya muka kai ga tsara ranar godiya ta yadda irin matar da Ubangiji ya yaba za ta ji kunyar tashi daga mazauninta? Ban ɗora laifin a kan mai bisharar ba. Takardar da ta matsa masa ba shi ya rubuta ta ba.

Takardar kuma ba ta san yadda damina ta kasance ba. Ina tuna wata shekara, ina saurayi, ruwan sama ya ɗauke a lokacin da hatsi yake cikin fitar da kai. Gonaki suka bushe a tsaye, mutum ya shiga gonarsa ya fito bai ce wa kowa uffan ba. Dattawa suka zauna, wasu suka ce a ɗage godiyar bana, me za a kawo? Sai wani dattijo ya ce muna da rai, yaranmu suna da rai, ba wanda aka binne saboda yunwa, wannan bai isa a gode ba? Aka yi sujadar. Duk abin da aka tara bai cika kusurwa ɗaya ta gaban bagadi ba. Mai bishara ya buɗe ƙarshen Habakuk sura 3, inda annabin ya ce ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko babu shanu a turke, duk da haka zai yi murna cikin Ubangiji. Na ga manyan maza suna share hawaye da bakin riga. Da aka tashi, a nan ƙofar majami'a aka raba abin da aka kawo ga gidajen da suka fi jin jiki, aka ware kaɗan domin irin shuka na baɗi. Da adadin takarda aka auna mu, da an rubuta cewa ikilisiyarmu ta gaza a shekarar. Ni kuwa har yau ban sake halartar godiya mai nauyinta ba.

Rabon nan da aka yi a ƙofar majami'a ba dattawanmu suka ƙirƙiro shi ba. Maimaitawar Shari'a sura 14 ta ce a ƙarshen kowace shekara uku a fito da zakkar amfanin gona a tara ta a cikin garin, domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. A cikin garin, inda aka san wanda ya kwana da yunwa. Littafin Firistoci sura 19 ya hana manomi girbe gonarsa har gefe, ya hana shi komawa yin kala, ya ce a bar wa matalauci da baƙo. Da irin wannan kalar Rut ta ciyar da surukarta Na'omi daga gonar Bo'aza a Baitalami, Rut ɗin ce kuma ta haifi Obida, kakan sarki Dauda. A yau kuwa nakan ga an loda kayan godiya a mota, an sayar, an aika kuɗin, gwaurayen da suka yi waƙa a sujadar suna tsaye suna kallon ƙurar motar.

Kada ku ɗauka ina cewa ƙauye ya daina tallafa wa aikin ɗarika. Makarantun horar da fastoci suna bukatar kuɗi, haka asibitoci, haka masu kai bishara nesa, mutanen ƙauye kuma ba marowata ba ne. Sun fi kama da ikilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya yaba a 2 Korintiyawa sura 8, waɗanda suna cikin matsanancin talauci amma suka roƙa a bar su su sa hannu a gudummawar tsarkaka. Sai dai Bulus bai yanka wa kowa adadi ba. Ya faɗa wa Korintiyawa cewa ba umarni yake bayarwa ba, ya ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ya kuma ce ba nufinsa a sauƙaƙa wa wasu a nawaita wa wasu ba, daidaito yake nema. Roƙona ke nan a gare ku: ku ɗauke adadi daga kan ranar godiya. Idan akwai kason da za a aika, a lissafa shi bayan girbi bisa abin da Allah ya bayar, bayan an cire rabon gwauraye da marayu da na mai bishara. Ku kuma fito da magana daga bakinku cewa a daina faɗin abin da mutum ya bayar a lasifika. Idan ku kuka faɗa, za a ji. Mai bishara shi kaɗai ba zai iya hana babban baƙo abin da ya saba ba.

Nakan ji zafi idan na ji ana maganar ikilisiyoyin ƙauye a manyan tarurruka kamar wani kaya da birni yake ɗauke da shi. Ku duba inda wasu abubuwan da muke tinƙaho da su suka fito. Sujadar godiyar girbi da majami'u da yawa suke yi a yau, ana danganta farfaɗo da ita da wani limamin ƙauye, Robert Hawker, wanda a 1843 ya kira mutanen Morwenstow a yankin Cornwall na Ingila su zo su gode wa Allah saboda amfanin gona, aka yi gurasar Jibin Ubangiji da sabon hatsin shekarar. Ƙungiyar iyaye mata ta ɗarikar Angilikan, wadda a yau take da membobi kusan miliyan 4 a ƙasashe sama da 80, a gidan wata matar fasto ta fara, Mary Sumner, a ƙauyen Old Alresford a 1876, lokacin da ta tara matan ƙauyen, masu hali da marasa hali, domin su taimaki juna wajen tarbiyyar yara. Ubangijinmu kansa a Nazarat ya tashi, garin da Nata'ala ya yi mamakin ko wani abin kirki zai iya fitowa daga cikinsa.

Takardar rahoton shekara da kuke aiko wa tana da gurbin yawan masu zuwa sujada, da gurbin baiko, da gurbin zakka. Ba ta da gurbin safiyar da wani magidanci yake kwance ba lafiya, gonarsa ta nuna, matasan ikilisiya suka fita tun asuba suka girbe masa kafin rana ta take, ba wanda ya karɓi ko sisi. Ba ta da gurbin matan zumunta da ke raba kwana a ɗakin mai jego wadda ba ta da uwa a kusa, ko na mazan da ke sauke aikinsu su je haƙa kabari, har maƙwabtan da ba addininmu ɗaya ba su zo su kama. Iska ta yaye wa tsoho rufi, kafin yamma an mayar. Dattawa biyu su taka har gona su raba rikicin iyaka kafin ya kai gaban alƙali. A ƙauye ba inda mutum zai ɓuya wa ɗan'uwansa. Wanda kuka yi cacar baki da shi ranar Juma'a, kusa da shi za ka durƙusa a teburin Ubangiji ranar Lahadi, don haka dole a shirya kafin nan. Wannan ita ce dukiyar ikilisiyar ƙauye, kuma ba ta shiga ambulan.

Sai maganar iyali, wadda ita ma take ci mini tuwo a ƙwarya. Kalandar shekara da ake tsarawa a ofishi cike take da makon maza, makon mata, makon matasa, makon yara, kowane da kuɗinsa, kowane da babban taronsa a wani gari. Da yawansu kuma sai su faɗo a tsakiyar shuka da noman farko, lokacin da kwana uku kacal za su iya sa ciyawa ta cinye gona. Uwa ta tafi nata taron, tana dawowa ɗa ya tafi nasa, wanda ya tsaya ya ceci gonarsa kuma a ce ya yi sanyi a ruhu. Ba raina ƙungiyoyin nan nake yi ba, a zumuntar mata mahaifiyata ta koyi karatu da girmanta. Amma idan kowane dare akwai shiri a majami'a, yaushe gida zai zauna wuri ɗaya? A gidanmu, bayan an ci abincin dare, mahaifina yakan jawo fitila kusa, ya karanta 'yan ayoyi yana bin layi da yatsa, sannan ya zagaya da mu ɗaya-ɗaya, kowane yaro sai ya faɗi abu guda da zai gode wa Allah a kansa a ranar. Ƙanwata ta taɓa cewa ta gode don akuyarta da ta ɓata ta dawo, bai yi dariya ba, ya sa ta a addu'a. Gidaje nawa ne suke da sararin yin haka yanzu? Maimaitawar Shari'a sura 16, da take maganar idi, ta ce ka yi murna kai da ɗanka da 'yarka da barorinka, da Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Tare aka ce. Ku tambayi mutanen ƙauye kafin ku buga kalanda, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku sassauta wa damina, ku kai manyan tarurruka bayan an kai amfani rumbu, ku kuma bar wa gida wasu darare.

Akwai abin da kowa ya sani ko da ba a faɗa a taro: a wurare da yawa, tura ma'aikaci ƙauye kamar horo ne. Mai bishara ɗaya yana riƙe da majami'u uku ko huɗu, yana bin su a kan keke ko babur cikin taɓo, alawus ɗinsa kuma sai ya yi watanni bai zo ba. Matashin da ya fito daga makarantar tauhidi yana isowa ya fara ƙirga ranar da za a ɗauke shi, tumaki kuwa sun san makiyayin da zuciyarsa take wani wuri. Matiyu sura 9 ta ce Yesu ya zaga dukan garuruwa da ƙauyuka, bai tsallake ƙananan ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke, kuma zai kai kashi 68 nan da 2050. Da yawa daga waɗanda za su cika majami'un birni gobe, yau suna zaune a makarantar Lahadi ta ƙauye, a hannun wannan mai bisharar da ba a biya ba. Abin da ya shuka a cikinsu shi za ku girba. Ku biya shi daga asusu ɗaya da abokin aikinsa na birni, don kada abincin 'ya'yansa ya rataya a kan yadda damina ta yi. Ku dubi karatun yaransa. Ku bar shi ya daɗe har ya san gonar kowa da kabarin kowa.

Mu 'yan ƙauye mazauna birni ma muna da namu kason laifin, ba zan wanke kanmu ba. Mu ne muke zuwa da manyan riguna mu zauna a kujerun gaba, mu ne muke jin daɗin tafin. Tun daga ranar da Iya ta koma da kwanonta nake karanta Luka sura 17 da wani ido dabam. Kutare goma aka warkar, ɗaya ne ya komo, Basamariye, ya fāɗi a gaban Yesu yana gode masa, kuma ba a ce ya kawo komai a hannunsa ba. Bara na roƙi mai bishararmu kada ya kira sunana, na shiga layi tare da gidanmu kamar yadda muke yi muna yara. Wasu abokaina biyu sun bi sahu. Amma mu uku ba za mu iya sauya abin da takarda ta kafa ba.

Iya tana nan da ranta, sai dai ido ya yi rauni, yanzu jikanyar maƙwabta ce ke jan ta zuwa sujada. Kaka ta kusa. Ina roƙonku, kowannenku ya zaɓi ƙaramar majami'a ɗaya a ƙarƙashinsa ya je godiyar bana, ba a matsayin babban baƙo ba. Ku isa tun ranar Asabar, ku kwana a gidan mai bishara, ku ga inda rufinsa yake zuba. Ranar Lahadi ku zauna a bencin baya, ku ce a kashe lasifikar kiran suna, a bar mutane su shigo gida-gida. Idan kuka ga wata tsohuwa ta yunƙura da kwano a hannu, ku yi wa mawaƙa alama su ci gaba da waƙa har ta koma mazauninta.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku.

Ɗanku cikin Ubangiji,
Wani ɗan ikilisiyar ƙauye